Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Asibitocin Zariya: Wa Ke Gadin Majinyaci Bayan An Fito da Shi Daga Tiyata?

Zuwa ga shugabannin asibitocin gwamnati da na kuɗi da ke Zariya da kewayenta, da manyan likitocin tiyata, da shugabannin ma'aikatan jinya, tare da sanar da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohuwar nas ce, na yi aiki a ɗakin tiyata da ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aiki har Allah Ya kawo lokacin ajiye aikina. Wasunku na gaba da ni ne, wasunku kuwa a gabana suka koyi sa safar hannu. Saboda haka maganar da zan yi ta cikin gida ce, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zariya ba ta rasa hannun da ya iya yanka da ɗinki ba. Tun daga Giwa da Soba da Makarfi da Kudan da Ikara, har Funtuwa, garin nan ake nufowa da mara lafiya idan abu ya gagara, kuma likitocin da aka horar a Jami'ar Ahmadu Bello suna riƙe da asibitoci a faɗin ƙasar nan da wajenta. Damuwata ita ce abin da ke faruwa bayan an ɗinke, an turo gado an fito, dangi sun yi hamdala sun fara buga waya gida suna cewa "an yi aiki lafiya". A ganina daga wannan lokacin haɗari yake somawa, kuma a lokacin ne idanunmu suka fi barin majinyaci.

Ba hasashe nake yi ba. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka gudanar a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu. An bi sawun mutum 11,422 da aka yi wa aiki. Kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala bayan aikin, kashi 2.1 cikin 100 kuma suka rasu. Majinyatanmu sun fi na ƙasashen masu arziki ƙuruciya, ba su ɗauke da tarin cututtukan tsufa, amma duk da haka wanda aka yi wa aikin da aka tsara tun da wuri, ba ma na gaggawa ba, haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ɗin ba a ranar aikin suka rasu ba. Sun fito daga tiyata da ransu, a kan gadon jinya suka cika. Da aka ware matan da aka yi wa aikin ciro jariri, rahoton da ya fito a 2019 ya nuna mutuwarsu ta ninka ta matan ƙasashen masu arziki kusan sau 50.

Ga yadda abin yake idan mutum yana tsaye a bakin gadon. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da wani abu, an yi mata aiki da la'asar bayan doguwar naƙuda, jariri ya zo da rai. Da magariba an auna ta, komai daidai. Can tsakar dare sai ta fara cewa ƙishirwa take ji. Tana ta hamma, tana juye-juye, ta ce a buɗe taga iska ba ta isarta. Uwarta da ke zaune a kan tabarma a gindin gado ta shafa goshinta ta ji zufa mai sanyi, ta duba tafin hannunta ta ga ya yi fari fat. Ta je wurin nas, nas kuwa ita kaɗai ce a ɗakin, tana can tana fama da wata mai jijjiga. Ta zo da gudu ta ɗaura abin awon jini, ta ga 100 bisa 60, ta ce, "Mama, ba komai, gajiyar aiki ce," ta koma. Ba wanda ya ƙirga bugun zuciya, ba wanda ya ƙirga numfashi, ba wanda ya ɗaga zane ya taɓa mahaifa ya ji ko ta dunƙule, ba wanda ya dubi jakar fitsari ya lura tun magariba ba ta ƙaru ba. Kafin kiran sallar farko jini ya faɗi warwas, sannan aka shiga neman likita, aka shiga neman jini, aka tura ɗan'uwa neman wanda zai bayar.

Duk wanda ya karanci aikin nan ya san mai ƙuruciya na iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jinin jikinsa kafin awon jininsa ya sauka, domin jiki yana ta ƙoƙarin rufe gibin. Zuciya ce ke fara tona asiri da saurin bugu, numfashi ya biyo baya, fitsari ya ragu. Alamun nan ba sa buƙatar wata na'ura mai tsada: agogo ne da yatsu da ido, da takardar da za a rubuta a kai, a ga layin yana hawa. Ban ɗora wa nas ɗin nan laifi ba, kuma ina roƙonku kada ku ɗora mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya tsara jadawalin da ya bar mutum ɗaya da ɗaki guda cike da waɗanda aka yi wa aiki, shi ya kamata a tambaya.

Abin da nake nema a nan ba gini ba ne. A kowane ɗaki a ware gadajen da suka fi kusa da teburin nas, inda fitila take, a ce na waɗanda aka yi wa babban aiki ne a kwana ɗaya ko biyun farko: wanda taifot ya huda wa hanji, wadda mahaifarta ta fashe, wadda ta zubar da jini, tsohon da aka buɗe wa ciki. A awannin farko a riƙa auna su kowane minti 15 zuwa 30, sannan a riƙa tsawaita tazarar gwargwadon yadda jiki ya daidaita. A manna takarda a bango da manyan baƙaƙe mai cewa idan bugun zuciya ya wuce 120, ko awon jini na sama ya gaza 90, ko numfashi ya haura 24 a minti, ko fitsarin babban mutum ya kasa mililita 30 a awa, ko majinyaci ya rikice, to a kira likita nan take, ga sunan wanda ke bakin aiki, ga lambarsa, ga kuma na gaba da shi idan bai ɗauka ba. Sannan, ranku ya daɗe, ku faɗa wa ƙananan likitoci da bakinku cewa nas ɗin da ta tashe su ƙarfe biyun dare, ko da an zo an tarar ba komai, godiya ta cancanta. Na ga yara nas-nas da dama suna riƙe da waya suna jinkirin kira don tsoron tsawa, kuma wannan tsoron ya ci rayuka.

Kada a ɗauka manna takarda kaɗai zai wadatar. Masu binciken da na ambata sun sake gwaji a asibitoci masu yawa, inda aka umarci a ƙara sa ido a kan majinyatan da suka fi shiga haɗari, kuma sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna mace-mace sun ragu ba, domin a wurare da yawa umarnin bai samu hannun da zai aiwatar da shi yadda aka tsara ba. Darasin da na ɗauka shi ne sai shugaba ya mayar da abin nasa: ya ƙara mutum a aikin dare ko da za a rage na safe, ya riƙa shigowa ba sanarwa yana buɗe fayil yana duba ko an yi awon da gaske.

Akwai kuma rundunar da muke da ita kyauta muna wulaƙantawa, wato masu jinya. Uwa ce, ko yaya, ko kishiya, ko ƙanin miji, suna kwana a ƙasa, su ne masu sayo magani da zubar da fitsari da juya majinyaci. Idonsu na kansa dare da rana, abin da nas ba za ta taɓa iyawa ba. Amma me muke gaya musu? "Ku fita waje, likita zai zagayo." Da za a ɗauki minti biyar a zaunar da mai jinya a ce mata, "Inna, idan kin ga numfashinta ya yi sauri, ko jikinta ya yi sanyi da zufa, ko zanen ya jiƙe da jini, ko cikin yana kumbura, ko ta daina gane ki, ko barcin ya yi nauyin da ba ta farkawa, ki zo ki kira ni da ƙarfi, kada ki ji kunya," da an samu mai gadi a kowane gado. Matanmu an tarbiyyantar da su a kan kawaici da kunyar manya, wata tana ganin 'yarta ta fari tana shiɗewa ba za ta iya ɗaga murya ba sai an ba ta izini tun da farko. Ku ba su wannan izinin, da Hausa, ko da Fulatanci idan shi suke ji. Wannan ma ba alfarma ba ce, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ce a yi wa mara lafiya bayanin halin da yake ciki da zaɓin maganin da ke gabansa, kuma gwargwadon iko a yi shi da harshen da yake fahimta. Dangwala yatsa a takardar Turanci a bakin ƙofar tiyata bai cika wannan sharaɗin ba.

Sai maganar ciwon da ke yin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mutum 11 cikin 100 da aka yi wa aiki wurin yankan yana kamuwa da ƙwayoyin cuta, a Afirka kuma abin kan kai mace ɗaya cikin biyar a cikin waɗanda aka yi wa aikin haihuwa. Duk mun san kamanninsa: rana ta biyar ko ta shida zazzaɓi ya taso, a ɗaga bandeji a ga gefen ɗinki ya yi ja ya kumbura, a cire zare ɗaya mugunya ta biyo. Daga nan kwana biyar ya koma wata guda, maigida ya sayar da akuya, ya sayar da buhun masarar da aka ajiye don damina. Yadda muka saba tunkarar matsalar shi ne mu rubuta allurai kala biyu ko uku na mako guda ga kowa da kowa bayan aiki. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2016 kuwa akasin haka suka ce. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na rigakafi kafin a sa wuƙa ake ba da shi, cikin minti 120 kafin yanka, mafi yawan magungunan ma cikin awa ɗaya, don ya kasance yana yawo a jini lokacin da aka buɗe fata. Bayan an rufe, idan aikin mai tsabta ne, ci gaba da shi ba ya ƙara kariya. Wanda hanjinsa ya huje ƙazanta ta cika ciki, wannan magani yake sha na cutar da ta riga ta kama shi, lissafinsa daban. Amma mai gwaiwa da aka gyara lafiya lau, me zai yi da allurar kwana bakwai?

Sau da yawa abin da ke hana a ba da allurar a kan lokaci ƙaramin abu ne: an rubuta wa dangi su sayo, ɗan'uwa ya tafi kemis a Tudun Wada ko Sabon Gari, kafin ya dawo an riga an fara aiki, sai a yi ta bayan an fito. Ku ajiye wannan allura ɗaya a cikin ɗakin tiyata, a sa kuɗinta cikin kuɗin aiki. Kuɗin da iyali za su kashe ya ragu, kariyar kuma ta samu. Barin wannan ɗabi'a ta watsa magani barkatai ya wuce maganar aljihu. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mu da muka ga lokacin da allura mai araha take kwantar da zazzaɓin ciwo cikin kwana biyu, muka kuma ga yau ana rubuta mai tsada tana gazawa, ba ma buƙatar a fassara mana wannan adadi.

Reza ma a daina. Aske wurin aiki tun daren jiya da reza yana barin ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su kwana suna hayayyafa a ciki. In gashin bai tare hanya ba a bar shi, in ya tare a rage shi da injin aski dab da shiga. Majinyaci ya yi wanka da sabulu kafin aiki. A sa ruwa da sabulu ko man goge hannu mai sinadarin barasa a inda ake wankin ciwo, domin tun 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya nuna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cewa hannun ma'aikaci ne ke ɗaukar cuta daga gado zuwa gado, kuma safar hannu ɗaya da aka zagaye ɗaki da ita ba ta kare kowa sai mai sanye da ita.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne azumin da muke ɗora wa mutane. "Kada a ci kada a sha daga sha biyun dare," haka muke faɗa wa kowa, da wanda zai shiga ƙarfe takwas na safe da wanda ba zai shiga ba sai bayan azahar. Ku dubi yaro ɗan shekara huɗu a watan Afrilu, a zafin Zariya, leɓensa ya bushe ya tsage, ya yi kuka har muryarsa ta dishe, uwarsa ta ɓoye gorar ruwa a bayanta tana hawaye. In an zo sa masa ƙarin ruwa jijiya ta ɓace, a yi ta huda shi. Wani lokacin ma da la'asar a ce an ɗaga aikin sai gobe, a sake sabon azumi. Dalilin hana ci gaskiya ne, tun 1946 wani likita mai suna Mendelson ya bayyana yadda abin da ke cikin ciki kan taso ya faɗa huhu idan an sa mutum barci. Amma ƙa'idar da masana maganin barci suka daɗe da tsayawa a kai ita ce awa 6 ga abinci marar nauyi, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 kacal ga ruwa. Kunu da koko da fura da madara abinci ne, a bayyana wa iyaye haka ƙarara. Ruwa zalla kuwa, ga wanda aikinsa ba na toshewar hanji ko makamancinsa ba ne, babu hujjar hana shi tun tsakar dare. Ku sa a riƙa rubuta wa kowane majinyaci lokacinsa, in jerin aiki ya canza a aiko ɗaki a faɗa.

A cikin tiyatar kanta buƙatata biyu ce. Ta farko, duk wanda aka sa wa maganin barci ko aka yi wa allurar baya, a samu mutum ɗaya wanda aka horar, wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa daga farko har ƙarshe, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan iskar oksijin a jini. Allurar baya kan faɗar da awon jini cikin 'yan mintuna, musamman ga mai ciki, kuma likitan da hannunsa ke cikin ciki ba zai iya lura da fuska ba. Ina jin wannan ya fi shafar ƙananan asibitocin kuɗi, kuma a nan ne nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sa shi cikin abin da take dubawa kafin ta sabunta wa kowa lasisi. Na'urar ta bi majinyaci har inda zai farfaɗo, kada a cire ta a bakin ƙofa.

Ta biyu ita ce takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai tambayoyi 19 da ake yi a matakai uku: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da majinyaci. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa, a wane ɓangare? An yi allurar kashe ƙwayoyin cuta ta rigakafi? Akwai jini a ajiye? Audugar da aka shiga da ita ta cika da aka ƙirga? Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Amfaninta yana cikin faɗar ta da baki kowa yana ji, har ƙaramar nas ta samu damar cewa "ranka ya daɗe, auduga ɗaya ba ta fito ba." In an bari sai an gama aiki sannan wani ya zauna ya bi ta da biro, an yi asarar takarda kawai.

Na san za a ce ma'aikata sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada. Duk gaskiya ne, kuma ina cikin masu kira ga gwamnati ta ɗauki nas-nas ta biya su abin da zai zaunar da su. Na kuma san idan rai ya yi halinsa, dangi kan ce kwana ne ya ƙare, su ɗauki gawarsu su yi godiya su tafi. Imaninsu ne, kuma imaninmu ne mu ma. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Haƙurin mutanenmu amana ce a wuyanmu, bai kamata ya zama dalilin da zai sa a rufe fayil ba tare da an tambayi me ya faru ba.

Garin nan ya taɓa koya wa duniya amfanin ƙirga. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga a 1985, kuma aikin yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya game da mutuwar mata wajen haihuwa. Da biro da rajista aka yi shi, ba kwamfuta a kowane tebur. Ina roƙon kowane asibiti da ake yanka mutum a cikinsa, babba ko ƙarami, ya buɗe rajista ɗaya: wa aka yi wa aiki, wane iri, ciwon ya yi ruwa ko bai yi ba, an koma da shi tiyata, ya tafi gida ko ya rasu, da ƙarfe nawa. A ƙarshen kowane wata a zauna, da likitan tiyata da mai ba da maganin barci da nas ɗin dare da mai kula da ɗakin jini da mai gasa kayan aiki, a ɗauki fayil ɗin duk wanda ya rasu a bi shi awa bayan awa: yaushe alamar farko ta bayyana, yaushe aka gani, yaushe aka kira, yaushe aka zo. Kada a mayar da zaman kotu, domin ranar da aka fara hukunta mai faɗin gaskiya, daga ranar za a fara gyara rubutun fayil. Ma'aikatar Lafiya kuma ta nemi a riƙa aiko mata da waɗannan alƙaluma duk wata uku, daga asibitocin gwamnati da na kuɗi baki ɗaya.

Allah Ya taimake ku a kan nauyin da ke kanku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Tudun Jukun, Zariya.